Burodin Farko

Sautin ya fara ne a wani dare da ba a hura tanderu ba. Ƙurus, ƙurus, sai shiru, sai kuma ƙurus. Mai burodi ya kasa kunne daga kan gadonsa. Ya san ɓerayen gidansa, ba sa tsayawa su haɗiye, wannan kuwa yana tsayawa. Ya ɗauki tocila ya zaga ɗakin gashi, ya tarar da 'yarsa Auta durƙushe a bayan tanderu, tana kankare ƙasar jikinsa da cokali tana kaiwa baki.

"Auta, me kike yi haka?"

"Ƙamshinta ne ya hana ni barci, Baba," in ji ta, tana share leɓe.

Ba yarinya ba ce. Ta yi aure, ciki ya yi ta zubewa, har mijin ya ce ta je gida ta huta, bai kuma sake zuwa ɗaukarta ba. Ita kaɗai ta rage wa mai burodi tun da mahaifiyarta ta rame ta rasu, yayyenta kuma suka watse neman abinci. Abin da yake tsoro bai wuce ya wayi gari ya ga ɗakinta babu kowa ba.

Ciwon Auta ciwo ne mai yawo, kamar baƙon da ya kasa zaɓar ɗakin kwana. Yau cikinta ya kumbura kamar kwaɓin da ya sha yis, alhali hannayenta sun koma tsinke. Gobe zawo. Jibi bakinta ya fashe da miki, ko ruwa sai ta runtse ido. Wasu ƙuraje masu ruwa suka fito mata a gwiwar hannu da ta ƙafa, dama da hagu daidai da juna, kamar da gangan aka jera su. Gashinta yana bin matsefi. Tafin ƙafarta yana mata kamar tururuwa na tafiya a ciki. Takan shiga ɗaki ta tsaya, ta manta abin da ya kai ta.

Kowane ciwo sai aka kai shi wurin mai shi. Likitan fata ya ba da man shafawa, na haƙori ya ce ta rage zaƙi, mai kantin magani ya ba da ƙwayar ƙarin jini, jinin bai ƙaru ba. Kowa ya duba inda aka nuna masa, ba wanda ya tambayi sauran.

A gidan akwai wata ƙa'ida da mai burodi ya gada daga ubansa: burodin da ya fara fitowa daga tanderu ba a sayar da shi, ana ba wanda ya fi kowa rauni a gidan. Kullum da sassafe yakan naɗe shi a ƙyalle, ya kai ƙofar Auta yana tururi.

Tela, maƙwabcinsa, yakan leƙo ta tagar shagonsa ya tsokane shi.

"Malam, yau ma ban cancanta ba? Ni ma fa bayana ciwo yake."

"Bakinka ne ya kamata ya yi ciwo, mu huta," in ji mai burodi.

Da abin ya tsananta, gwaggon Auta, ƙanwar mai burodi, ta zo daga garin da take aure ta zauna jinya. Ita ce ta ce a sauƙaƙa wa cikin yarinya. Aka cire wake, wai yana kumbura ciki. Aka cire nama, wai yana da nauyi. Aka cire shinkafa da ganye. Sai aka bar ta da shayi da tsakiyar burodi, fara tas, mai laushi kamar auduga. Mai burodi ya riƙa yi mata kwaɓi na musamman, ya tankaɗe fulawar har ta koma kamar hoda.

"Ci, uwata," yakan ce. "Wannan ko jariri ya ci ba zai ji shi ba."

Tana ci don kada ransa ya ɓaci.

Wata rana da hantsi ta taka dokin ƙofa, ƙafarta ta goce kaɗan, irin gocewar da yaro zai yi ya tashi yana dariya. Ƙashin cinyarta ya karye. A asibiti wata likita ta daɗe tana kallon hoton ƙashin, ta ce wannan ƙashin tsohuwa ne a jikin matashiya. Ta ja kujera ta zauna, ta ce a faɗa mata komai, har abin da ake gani ba shi da alaƙa. Gwaggo ta fara lissafi tun daga gashi har tafin ƙafa. Sannan mai burodi ya faɗi maganar ƙasar tanderu, kansa a sunkuye.

"Rashin jini yana sa hakan," in ji likita. "Me take ci?"

"Abu mafi sauƙi muke ba ta," in ji mai burodi. "Da hannuna nake yi."

Aka ɗebi jini, aka zura wata igiya mai ido ta maƙogwaronta aka leƙa hanji. Da sakamako ya fito, likita ta tara su. Ta ce sunan cutar siliyak. A cikin alkama akwai wani sinadari da jikin wasu mutane yake ɗauka a matsayin abokin gaba, in ya shigo sai jiki ya tashi faɗa, ya ɓarnata bangon hanjinsa da kansa. Hanji ya kasa tsotse amfanin abinci, daga nan sai jini da ƙashi da fata da mahaifa kowa ya fara kuka da irin muryarsa.

"Duk ciwo ɗaya ne?" in ji Gwaggo.

"Ɗaya ne. Maganinsa kuma ta bar alkama har abada. Ba burodi, ba taliya, ba biskit. Ko ɓurɓushi. Hanjin zai iya warkewa, ƙashi zai ɗauki lokaci. Cutar tana bin jini. Akwai wanda ya yi irin wannan a danginku?"

Gwaggo ta dubi ɗan'uwanta. Shi kuwa yana kallon hannayensa. Fulawa ta zauna masa a ƙarƙashin farce da tsagin fata, irin zaman da sabulu ya daina fitarwa tuntuni.

Ya koma gida ya duba da sabon ido. Fulawa na kan labule, tana cikin randa, tana kan cokula, tana cikin matashin Auta. In rana ta ratso taga sai ka gan ta tana shawagi a hankali kamar ƙananan halittu masu rai. Ya share, ya wanke, washegari ta dawo. In ya kashe tanderu babu abin da za a ci ko a sayi magani, kuma bai iya wata sana'a ba.

"Yaya, zan tafi da ita wurina," in ji Gwaggo. "Ba ƙinka aka yi ba."

"Na sani."

Ranar tafiya aka ɗauko Auta a kujera aka sa a mota. Ya matso zai dafa kanta, sai ya tuna da hannunsa, ya mayar da shi baya.

"Baba, ka riƙa zuwa."

"Zan zo, uwata. Sai na yi wanka tukuna."

Ta yi ƙoƙarin dariya, mikin bakinta ya hana.

Washegari ya hura wuta kamar kullum. Burodin farko ya fito jawur, ya naɗe shi a ƙyalle, ƙafafunsa suka kai shi ƙofar ɗakin kafin ya tuna. Katifa a naɗe take. Ya fito bakin titi ya tsaya da shi a hannu, masu saye sun fara taruwa, zafin yana cin tafinsa bai sauya hannu ba.

Tela ya leƙo zai yi tsokanarsa ta kullum, ya ga fuskarsa, ya fasa. Ya cire zaren da ke bakinsa.

"Ni kam, Malam," in ji shi a hankali, "ita ma marigayiya matarka da ta yi ta ramewar nan, ba na farkon kake kai mata ba?"