Wa Zai Tsaya wa Koci Blagota

"Ba ɗa, ba ƙane. To wa zai tsaya masa a layi?"

Matar mai burodi ce ta faɗa ƙasa-ƙasa, tana naɗe wa mamata burodi. Lokacin Koci Blagota bai ma rasu ba, yana kwance a gidansa da ke jikin namu. Na sunkuyar da kai, amma maganar ta bi ni har gida. A nan Berane, in mutum ya rasu, mazan gidansa ne ke jeruwa a ƙofar maƙabarta, gari ya zo yana ba su hannu. Koci kuwa daga shi sai matarsa, Inna Stana.

Ni ake aika da miyar wake gidansu. Da na shigo zai ɗago kai daga filo.

"Ke 'yar gola, riƙe kwanon nan da kyau. Saki a jininku yake."

"Blagota, ka ji kunya," in ji Inna Stana. "Ƙafarka ɗaya na kabari, bakinka na fili."

"Ɗayar ma ta hagu ce, Stana. Da ita na ci Belgrade."

Ya buga ƙwallo tun zamanin Yugoslaviya, ya ɗan taɓa Turkiyya, gwiwa ta lalace ya dawo gida ya karɓi ƙungiyar garinmu. Ina ƙarama, muryarsa ce ke tashe mu ranar Lahadi, daga fili har bakin kogin Lim ana jin ta. Mata su soya fanke da zuma, maza su tafi da tutoci, gari ya zama fayau sai karnuka.

Babana, Vukota, shi ne golansa. A wasan da za su haura rukuni, masu neman 'yan wasa sun zo daga babban birni, ƙwallo ta suɓuce wa Baba. Koci bai jira hutun rabin lokaci ba, ya fitar da shi a gaban gari duka. Tun ranar Baba bai ƙara sa safar gola ba, bai ƙara ce masa sannu ba. Ya koma tuƙin bas. In tuffa ta faɗo daga bishiyar Koci zuwa tsakar gidanmu, da ƙafa yake ture ta.

Ana jibi zai cika, na same shi ya sa an juyo da gadon wajen taga. Yara na buga ƙwallo a titi. Muryar ta tafi, amma hannun na ta nuna musu inda za su tsaya.

"Jelka," ya ce, ran nan kaɗai ya kira sunana. "Ubanki har yanzu da ƙafar hagu yake fara sauka daga bas?"

"Ban lura ba, Kawu."

"Ni na lura. Haka yake fitowa kan ƙwallo. Na horar da gola da yawa, babu mai hannunsa." Ya yi tari. "Miyar nan ba gishiri. Ki gaya wa uwarki ban mutu ba tukuna."

Ya cika ranar Laraba da hantsi. Inna Stana ta rufe madubai, mamata ta tafi dafa wa baƙi kofi. Da yamma tsofaffin 'yan wasansa suka taru a ƙofa, tumbi-tumbi da furfura, suna ta kallon juna. Dukansu sun ce za su ɗauki akwatin, amma layi na jini ne, babu wanda ya iya cewa shi zai tsaya. Baba ya dawo daga aiki, ya ratsa su ya shige gida. A kan tebur na gaya masa abin da Koci ya ce game da hannunsa, idona na cikin faranti. Ya ci gaba da gutsurar burodi.

Washegari na kai wa Baba ruwan zafin aske gemu kamar kullum. Yana zaune bakin gado da baƙar riga, reza da sabulu na gefe. A wajenmu dangin mamaci ne kawai ke barin gemu. Ya bar ruwan ya huce a kwano, yana kallon tafin hannunsa.

Na daɗe a bakin ƙofa.

"Baba," na ce, "kai za ka tsaya masa?"