Sojan da Ya Yi Taki Biyu

Akwatin ƙarfe, kwat biyu, takardar shaidar lauya, agogon wasa mai fuska biyu, da littafin da na kwafe wasanni ashirin na gasar duniya ta farko ta shataranji, wato darar sarki da dakarunsa, da hannuna, a ɗakin karatu a Landan. Da su na baro Karachi a jirgin ƙasa zuwa Multan, bayan shekara bakwai a Landan.

Mahaifina ya rasu ina can. Mutum ɗaya ya rage da nake son nuna wa littafin: ƙanensa, Baffa Barkat, wanda ya koya mini wasan.

Na same shi da la'asar a ƙofar shagon Diwan Chand mai rini, dattawa sun kewaye allon wasan. Aka matsa aka ba ni wuri. Na tura sojan gaban sarki taki biyu.

Baffa ya sa yatsa ya mayar da shi baya taki ɗaya.

"Ɗana, sojan naka jirgi ya hau?"

"Haka ake yi a gasar duniya, Baffa."

"Wace duniyar?" in ji Diwan Chand. "Mu nan a lahira muke, Lauya?"

Suka yi dariya. Na buɗe littafin, na ce su bari in jera musu wasa ɗaya su gani. Motsin farko ma haramun ne a wurinsu. Na yi bayanin agogon, da yadda mutum biyu ke zama awa biyar ba mai sa musu baki.

"Ba mai ce maka ga doki can zai ci ka?" Baffa ya tambaya. "Wannan ai zaman makoki ne."

Na yi wasa uku irin nasu. Hannayen dattawa shida suna kan dakaruna. Na sha kashi duka ukun.

Sati biyu ina jera wasannin ni kaɗai a soro, ina danna agogon gefe biyu. Ran Juma'a Baffa ya zo har gida, bai zauna ba.

"Ka dawo shagon. Wata ɗaya da mu, hannunka zai manta da wancan."

Gaskiya ya faɗa. Nawa tsoron ke nan.

Na raka shi bakin titi, na dawo na rufe ƙofa. Ba zan koma shagon ba.