Ɗaya Mai Hula

Shekara biyu Hindou ta yi tana kiwon murjani a Greensboro ta Amurka, garin da ko ƙamshin teku ba ya ji. Mahaifiyarta a Zinder har yau ta ɗauka tsakiya take sana'antawa. Ta gaji da bayanin cewa murjani halitta ce mai rai, ta bar tsohuwa da fahimtarta.

Aikin ba wuya a faɗe. Zuri'ar murjani goma sha biyu ce a ɗakin binciken jami'a, kowace da tankinta da lambarta. Sai ta sa musu ruwa mai ɗauke da cutar da ke ɓare naman murjani ta bar farin ƙashi, ta zauna ta ga wa zai kai labari. A ido duk kamarsu ɗaya, amma gado ba ɗaya ba. Zuri'a ta bakwai ba ta ɗaukar mako take mutuwa. Ta ɗaya kuwa ko gezau, sau shida ana gwadawa. Wannan zuri'ar ce Hindou ta zaɓa a kai Florida, inda masu nutso za su dasa rassa ɗari biyu a wurin da cutar ta cinye. Digirinta kacokan a kan wannan dashen ya rataya.

Ranar Alhamis tana sauri za ta kai 'yarta asibiti a titin Wendover, ta rubuta lambar tankin da za a aika a takarda ta liƙa wa Josiah, mutumin Kafanchan da ke lura da tankunan. Shi ya ɗaure kaya, mota ta tashi.

Litinin da safe ta shigo ta tarar da tankin ɗaya cike maƙil, na bakwai wayam. Ta juya wajen Josiah.

"Josiah, wanne ka ɗaure?"

"Number seven mana, Anti. Ga note ɗinki ma."

Ta karɓa ta duba. Ɗaya ce, yadda aka koya mata a lakwal, makarantar bokon Nijar: sanda da doguwar hula a gaba. A Nijar bakwai sai da ɗamara a tsakiya, in babu ɗamara ba bakwai ba ce. Shi kuwa a makarantarsu ɗaya sanda ce tsirara, duk abin da ya sa hula bakwai ne.

Josiah ya ce, "Bari in gaya wa Prof ni na yi mistake. Ke kina da defence ɗin digirinki a gaba."

Tayin ya shige ta, ba ƙarya. Amma ta san mutumin bai kai wata shida da samun aikin nan ba.

"A'a. Rubutuna ne, c'est tout, shi ke nan."

Ta kira shugabar masu nutson. Matar ta ɗauka da fara'a, ta ce ai tun Asabar suka gama, mutum tara, yini guda a ƙarƙashin ruwa, har an manna allo da sunan Hindou a wurin.

Hindou ta bari ta kai aya, sannan ta faɗa mata abin da suka dasa, ta roƙa a ciro su kafin su kamu su shafa wa na kusa.

Muryar matar ta sauka. Ta ce da safen nan ɗaya daga cikinsu ya leƙa, ya ga fari a gindin wasu rassan, amma suka ce ba komai, tunda na Hindou ne.