Waɗanda Aka Haifa Ranar Ɗaya Ga Janairu

Sistar ɗakin awo ko sallama ba ta yi ba. Ta turo ƙofar ofishin kwamfuta, ta dire takarda a kan tebur.

"Injiniya, zo ki ga ikon Allah. Na'urarki ta ce an cire wa matar nan mahaifa shekara uku da suka wuce. Ga ta can a benci da cikin wata takwas, tana fifita da katinta."

Oga, shugaban ofishin, ya kwashe da dariya har da dukan cinya. Injiniya ba ta yi ba. Shi ya laƙaba mata sunan don tsokana tun makon da ta kama aiki a asibitin, ita kuwa ta karɓe shi hannu biyu har ya daina yi masa daɗi. Wata bakwai ke nan tana jin habaici iri-iri, daga "'yar boko" zuwa "aikin nan ba na masu lalle ba ne," ba ta taɓa bari an ga hawayenta ba.

Ta jawo takardar, ta buga lambar matar. A rumbun bayanan asibitin kowane majinyaci layi guda yake da shi, da lamba guda wadda ba ta kowa ba ce sai shi. Gwajin jini, magani, tiyata, kowanne yana nasa jadawalin, amma dukansu da wannan lambar ake ɗaure su. Tarihin da ya fito a allo na mace biyu ne a ƙarƙashin lamba ɗaya.

Ta san hannun da ya yi wannan ɗaurin.

Kwana uku da suka wuce ita ta yi sharar rumbun. Mutane sukan ɓatar da kati su yanki sabo, sai mutum ɗaya ya zama layi biyu. Ta tsara doka da kanta: in suna ɗaya ne, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ne, a haɗe su, bayanin sabon layi ya hau kan na tsoho. Cikin daƙiƙa shida layi ɗari huɗu da sha biyu suka shige cikin 'yan'uwansu. Ranar har gida ta tafi tana murmushi.

"Sista," ta ce, "ta yaya mata biyu za su yi suna ɗaya, uba ɗaya, kuma a haife su rana ɗaya?"

Sista ta leƙa allon. "Ɗaya ga Janairu? Ayya, 'yar nan. Duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ai ita masu yankan kati suke rubuta masa. Shekarar ma fuskarsa suke kallo su ƙiyasta. Rabin asibitin nan ranar aka haife su, har da uwata."

Injiniya ta sa na'urar ta ƙirga. Cikin ɗari huɗu da sha biyun, ɗari uku da tara an haife su ranar ɗaya ga Janairu.

Dariyar Oga ta ɗauke. Ya sallami Sista da "za mu duba," ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Ki warware su ɗaya bayan ɗaya, shiru. In an tambaya, na'ura ce ta rikice. Kullum rikicewa take, wa zai yi musu?"

Injiniya ta mayar da idonta kan allo. Ba mahaifar ce ta tsaya mata a rai ba, wannan ido yana gani. Akwai wani gurbi a kowane layi, inda ake rubuta maganin da jikin mutum ba ya karɓa. Idan sabon layi babu komai a gurbin, to babu ɗin ce ta hau kan abin da ke tsohon.

Kafin ta taɓa komai ranar sharar ta ɗauki kwafin rumbun gaba ɗaya ta adana. Ta buɗe shi a ƙaramar kwamfutarta, ta jera shi kusa da na yanzu. Sau biyu ta yi kuskuren rubuta tambayar: su wa ke da gargaɗi a da, yau kuma babu? Layi uku suka fito. Ta sake tambaya: cikinsu wa ke kwance a asibiti yanzu? Layi ɗaya ya rage. Ɗakin mata, gado na sha huɗu. Tsohon gargaɗin ya ce fenisilin yana toshe mata numfashi. Jadawalin magani na yau ya ce allurar fenisilin, ƙarfe sha biyu.

Agogon kusurwar allo ya nuna sha biyu saura minti tara.

Ta kira wayar ɗakin matan, ta yi ta ringin ba wanda ya ɗauka. Gyara a allo ba zai yi amfani ba, maganin ya riga ya bar ɗakin magani, yana kan tire. Ta rungumi kwamfutar a buɗe ta miƙe.

"Ina za ki?" in ji Oga. "Ke, in kika buɗe baki a can, babu ruwana!"

"Dama ban sa da kai ba, ranka ya daɗe."

Ba ta taɓa gudu a asibitin nan ba, takunta ma na ƙasaita ne da gangan. Yau ta ratsa layin masu jiran likita, ta kauce wa keken maras lafiya, takalminta ɗaya ya zame a matakala ta bar shi a nan. Hawa biyu. A ranta abu ɗaya take maimaitawa: Allah ya sa sun makara, kamar yadda suka saba.

Ba su makara ba. Babbar sistar ɗakin tana tsaye a gado na sha huɗu, sirinji a hannu, tana ɗan bugunsa da farce. Wata tsohuwa tana kwance tana numfashi sama-sama, 'yarta kuma, mace mai kimanin shekara arba'in, ta tare hannun uwar da nata.

"Baiwar Allah, matsa," sistar take cewa. "Tun safe kike damunmu. Mun duba kwamfuta, babu komai."

"Wallahi Sista an taɓa yi mata, ta kumbura har idonta ya rufe. A nan asibitin ne ma."

"Da an yi, da yana rubuce."

"Yana rubuce." Injiniya ta faɗa tana haki. "Sista, kada ki yi allurar nan."

Sistar ta dube ta tun daga ɗankwali har zuwa ƙafar da babu takalmi. "Yau kuma 'yan kwamfuta ne ke ba da magani?"

Injiniya ta juya mata allon, ta nuna layin da yatsa. Sistar ta karanta, ta dubi takardar da aka buga mata da safe, ta sake duban allon.

"Wannan ta ce akwai, wannan ta ce babu, kuma duk daga ofishinku suka fito. Likita ya rubuta, ni kuma ba zan tsallake umarninsa da baki kawai ba. Wa ya ce ta safe ƙarya ce?"

Masu jinya sun bar abin da suke yi, duk ido ya dawo kan Injiniya. Ta san duk abin da ta faɗa yanzu zai riga ta isa ofishin shugaban asibiti.

"Ni na ce. Ba ni fayil ɗin."

Ta ɗora shi a kan gwiwa ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa bayanin da ke kwamfuta game da wannan majinyaciya ba daidai ba ne, an goge gargaɗin fenisilin wajen haɗe layuka, kuma ita ce ta haɗe su. Ta sa cikakken sunanta, da lambar aikinta, da lokaci.

Sistar ta karanta har ƙarshe. Ta mayar da murfin allurar, ta jefa sirinjin a kwandon shara, ta tafi kiran likita.

Sai a lokacin Injiniya ta zauna a bakin gadon da ke kusa. 'Yar tsohuwar ta durƙusa ta kama hannunta da hannu biyu, hawaye yana zuba.

"Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Tun asuba nake magana ba mai saurarena, sai ke. Allah ya saka mana a kan wanda ya goge, ke kuma ya ba ki miji nagari."

Injiniya ta dubi hannuwan da suka riƙe nata. Tana iya cewa amin ta tashi.

"Yaya, ni ce na goge."

Matar ta tsaya tana kallonta, kamar ba ta ji da kyau ba. A hankali ta sake hannun, ta koma gefen uwarta, ta gyara mata mayafi, ta ba Injiniya baya.

Injiniya ta jawo kwamfutar kan cinyarta. Sauran layi biyun suna nan, mutum biyu da ke yawo a gari da kati a aljihu, ba su san an goge musu komai ba. Ta ciro wayarta, ta fara danna lambar wayar na farkonsu.