Walimar Alloli a Siton Sabo

Gidaɗo ya ja bakin salatif ɗin a hankali. Salatif ɗin ya taso, amma da kafaɗar matar da ke cikin zanen manne a jikinsa. Inda kafaɗar take, farin yadi ne kawai ya rage.

Ya tsaya riƙe da shi, zufa na shiga idonsa.

Zanen na Hajiya Murjanatu ne, mai ƙawata gidajen manya a Abuja. Ta ce tsohon aiki ne daga Italiya, ya doshi shekara ɗari huɗu. Allolin Girkawa ne zaune a walimar aure, ga inabi, ga kofunan giya, ga wani ƙato mai gemu yana dariya, rabinsu tsirara. Ta kawo shi siton Alhaji Sabo a kasuwar Murshid Bazaar ta Dubai, inda Gidaɗo ke ɗaure kaya, a yi masa akwatin katako a tura gida ta jirgin ruwa. Katako bai iso ba, sai aka jingina shi da bango.

Bangon alƙibla ne. A nan ma'aikata ke azahar, don rana ta fi ƙarfin mutum a waje. Idris, mai ja musu salla, ya ce shi ba zai yi sujada yana fuskantar tsiraici ba. Zanen ya yi nauyin juyawa, mayafi kuma babu. Gidaɗo ya yi abin da hannunsa ya saba: ya yanko salatif ya liƙe duk wurin kunya. Kowa ya sa masa albarka.

Zafin Yuli ya narkar da danƙon salatif ɗin, ya shige cikin fenti.

Da Sabo ya gani bai yi faɗa ba. Ya dai tuna masa bizarsa na ƙarewa ƙarshen wata, kuma shi Sabo ke sabunta ta. Ranar da Hajiya ta san wanda ya yi wannan, ranar zai hau jirgin Kano. A Kano kuwa ko babur ɗin da yake haya da shi ya sayar kafin ya taho.

"Rufe shi," in ji Sabo. "Kaya na lalacewa a teku kullum. Yalla, maza."

Gidaɗo ya rufe. Leda, soso, kwali, sannan katako. Bai taɓa yi wa kaya aiki mai kyau kamar wannan ba. Da ya buga ƙusar ƙarshe sai ya zauna.

Hajiya ta zo bayan la'asar. Ta zagaya akwatin, ta ƙwanƙwasa kusurwa, ta tambayi wa ya haɗa. Sabo ya nuna shi da haɓa.

"Sannu, ɗana. Irin hannun da nake nema ke nan." Ta juya wajen Sabo ta ce ta fasa teku, ta jirgin sama za a tura, jibi. Kuma ba ta yarda da yaran Abuja ba, da guduma suke buɗe kaya. A ba ta aron wannan, ita za ta yi masa tikiti.

Sabo ya ce ai babu komai, Hajiya. Bai dubi kowa ba.

"Kai ka rufe, kai za ka buɗe a gabana," ta ce wa Gidaɗo tana murmushi. "Ka yi kewar gida ai, ko?"

"Na yi, Hajiya," in ji shi.