Kwarkwata a Tafkin Gado

Anjuara na jan gora daga tafki lokacin da Mofiz, yayan mijinta, ya iso da kwalba a hannu. Ƙwan kwarkwatar kifi ya yi jere a jikin gorar. Ta jefa ta kan tudu rana ta ƙone shi, ta ja gefen sarinta, dogon zanen da ta naɗa a jiki, ta rufe kai.

Tafkin gado ne, rabi na Mofiz, rabi na mijinta da ke aikin gini a Dubai. Kifin rui da ke ciki shi ne abincinta da na 'yarta Shiuli har shekara ta zagayo. Yanzu kwarkwata ta addabe su, sai tsalle suke suna goga jiki, sun daina cin dusa.

"Maman Shiuli, dama wannan a bokiti," in ji Mofiz, yana kallon bishiyar ayaba maimakon fuskarta. Ya ajiye kwalbar a ƙasa, ya ɗora ƙullin hoda a kai. A nan garinsu Trishal yayan miji ba ya miƙa wa matar ƙaninsa abu hannu da hannu, balle ya taɓa ta.

Maganin feshin gauta ne, hodar kuma ta kashe ƙwayoyin cuta ce. Irinsu ya zuba bara. Kwarkwata ta mutu, har ya yi ta cika baki a shagon shayi, amma da sanyi ya shigo kifin suka yi jan gyambo, aka kwashe su da kwando aka binne. A lokacin Anjuara ba ta hana shi ba, kuma rashin hanawar ya fi asarar ci mata rai.

"Yaya, malamar da ke koyar da kiwon kifi ta ce cizon kwarkwatar nan ba a fata yake tsayawa ba. Yana hargitsa ƙwayoyin kirki da ke hanjinsu, garkuwar jiki ta yi rauni. Hodar nan kuma ragowar take sharewa."

"Malamar da ke tsoron taɓo? Ita ta leƙa hanjin? Ke da gorarki sai kun gama shanya, kifi ya ƙare."

"Sati uku kawai. A jikin gora suke yin ƙwai, ni kuma ina kwashewa."

"Da ƙanina zan yi magana, ba da ke ba."

Anjuara ta durƙusa ta ɗauki kwalbar da ƙullin, ta soke su a ƙugunta, ta ɗaure da bakin sari. Matan da ke wanke shinkafa a matakala suka tsaya cak.

"Ajiye," in ji Mofiz.

"Ga su nan, Yaya. Zo ka ɗauka."

Ya tako, ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a iska. Wata tsohuwa ta yi tari irin na ganganci. Mofiz ya mayar da hannun baya kamar ya taɓa murhu.

"In suka mutu fa?"

"A cire daga rabona."

Ta mayar da kwalbar da ƙullin ta ɗaure a ka, ta shiga ruwa har ƙirji ta nufi gora ta gaba, ko da yake ita ma ba ta da tabbas. Kusa da gorar wani ƙaton rui matacce na yawo ciki sama. Jikinta ne kawai ya tare shi daga idon mutane, ba wanda ya gani, tana iya tura shi cikin ciyawa.

Ta kama shi ta wutsiya, ta wurga shi tudu, ya faɗi gaban ƙafar Mofiz.

"Wannan nawa ne, a cire daga rabona," ta ce, ta kama gorar da hannu biyu.