Fatar Akuya Don Kiɗan Baba Orville

A shekarar da China ke shirin wasannin Olamfik, kasuwa ta yi sanyi a ginin Tianxiu, matattarar 'yan kasuwar Afirka a birnin Guangzhou. Biza ta yi wuya, 'yan kasuwa da dama sun koma gida, wasu sun tsallaka Hong Kong suna jira. Ma'azu, mutumin Kano mai ofishin aika kaya, ya wayi gari da lokacin da bai san yadda zai yi da shi ba. Shi ya sa da Hajiya Ramatou ta Maraɗi ta ce tana son zuwa Shiling, garin masu sana'ar fata, sarin jakunkunan mata, ya ce shi da kansa zai kai ta.

A wani shagon fatu suka tarar da tsofaffin Turawa biyu, miji da mata, sun jiƙe sharkaf da gumi. Tsohon na riƙe da wani abin kiɗa mai dogon wuya da kai zagayayye kamar faifai, fatar da ke kansa ta tsage daga gefe zuwa tsakiya. Mai shagon sai jawo musu fatu yake, ja da baƙa da mai sheƙi, tsohon yana girgiza kai. Da mai shagon ya gaji sai ya ɗaga hannu yana cewa "meyo, meyo", wato babu.

Hajiya Ramatou ta tsaya ta ƙare wa abin kallo. Ta ce, "Ma'azu, wannan ai gurmi ne ya shiga makarantar boko. Tambaye su abin da suke nema."

Ma'azu ya gaishe su da Turanci. Matar ta ce sunanta Wilma, mijin kuma Orville. Daga duwatsun Kentucky na Amurka suka zo su huɗu, an gayyato su su yi kiɗan garinsu a 'yan wurare. Abin da ke hannun mijin sunansa banjo, kuma danshin Guangzhou da sanyin na'urar sanyaya ɗakin otal ne suka haɗu suka fasa fatar. Ba jemammiyar fata yake so ba, busasshiyar fatar akuya yake nema wadda ba a jeme ba, amma sun rasa bakin da za su faɗa.

Da Sinancinsa na kasuwa Ma'azu ya yi wa mai shagon bayani. Mutumin ya dafe goshi yana dariya, ya buga waya, sannan ya kwatanta musu gidan wani mai ɗinka gangunan tseren kwale-kwale a bayan gari. Hajiya ta ce jakunkuna ba za su gudu ba, a sa tsofaffin a mota.

A hanya Orville ya tambayi Ma'azu sunansa, ya faɗa masa. Ba su yi nisa ba ya sake tambaya, ya sake faɗa. Da ya tambaya karo na gaba, Wilma ta matso ta gaya wa Ma'azu a hankali cewa mantuwar tsufa ce ta kama shi, kuma kullum ƙaruwa take. Wani lokaci ba ya sanin ƙasar da yake ciki. Likita ya ce su zauna gida, amma abokan kiɗan suka ga gara su fito da shi sau ɗaya kafin abin ya ci ƙarfinsa. Ma'azu ya fassara wa Hajiya, ta ce Allah ya sa mu gama lafiya.

Sai dai a gidan mai gangunan Orville ya koma wani mutum dabam. Orville ya ɗaga fatun ɗaya bayan ɗaya yana duba su a hasken rana, yana ɗan ƙwanƙwasa su da farce kusa da kunne. Ya ware wata siririya mai gashi kaɗan a gefe. Mai gangunan, wanda shi ma ya manyanta, ya ɗaga masa babban yatsa. Babu wanda ya fassara musu komai. Suka jiƙa fatar tare, suka shimfiɗa ta a kan banjon, ɗaya na ja ɗaya na ɗaurewa, kamar sun shekara suna aiki a rumfa ɗaya. Wilma ta ce sai ta kwana biyu ta bushe, kuma ranar Asabar da yamma za su yi wasa a wani lambu da ke bakin kogi. Ta roƙe su su zo.

Ma'azu ya san kiɗan kantiri na Amurka tun a Kano, direbobin dogon zango na sa shi a mota. Ya ɗauka irinsa zai ji. Ranar Asabar suka yi la'asar, suka tafi shi da Hajiya. Sinawa sun cika kujerun, tsofaffi da fifita a hannu, matasa da wayoyi.

Makaɗan suka fito a hankali, babu wanda bai haura saba'in ba. Wilma na rungume da gita. Wani dogo mai suna Dewey ya riƙo goge irin na Turawa, hannunsa na rawa har Ma'azu ya ji tsoron kada ya faɗi. Na huɗun, Harlan, ya jingina da wani ƙaton goge mai tsayin mutum wanda ake kafawa a ƙasa. Makirfo ɗaya tak aka kafa musu a tsakiya. Wilma ta ce wannan kiɗan a garinsu bulugiras ake ce masa, kuma a barandar gida suka koye shi wajen iyayensu masu haƙar kwal.

Dewey na ɗora bakan a kan tsirkiya rawar hannun ta tsaya cak. Kiɗan ya tashi da gudu kamar an saki ruwa. Duk wanda lokacinsa ya zo sai ya matso gaban makirfon ya yi nasa, ya ja baya ya ba na gaba wuri, ba mai kallon wani, ba mai taka ƙafar wani. In sun zo amshi sai su haɗa kawunansu wuri ɗaya, muryar Wilma ta hau can sama, siririya, mai kaifi. Wata waƙar ta jirgin ƙasa ce, wata ta uwa mai jiran ɗanta, wata ta mutuwa. Ma'azu ya fara fassarawa, Hajiya ta ɗaga masa hannu ta ce ya bari, tana ji.

Banjon kuwa, da sabuwar fatarsa, sai zuba yake kamar ƙanƙara a kan kwano. Yatsun Orville uku ne ke aikin, amma ka rantse mutum biyu ne.

Ana tsakiyar wata waƙa mai sauri, lokacin Orville ya zo. Ya matso gaban makirfon, ya ɗaga kai, ya ga fuskokin da bai sani ba da rubutun da ba ya iya karantawa. Hannunsa ya sauka. Ya shiga waige-waige kamar wanda ya ɓata a tasha.

Sauran ukun ba su tsaya ba. Harlan ya ci gaba da bugun ƙaton gogensa, dum, dum, bai rage ba bai ƙara ba. Dewey ya tako ya tsaya dab da kafaɗar Orville, ya dawo da kiɗan farkonsa, yana ja masa shi a kunne. Wilma kuwa ta juya wa jama'a baya gaba ɗaya, ta tsaya a gabansa yadda ita kaɗai zai gani, tana rera masa baitin tana murmushi. Suka zagaya sau ɗaya, bai shigo ba. Suka sake zagayowa. Ƙafarsa ta fara taka ƙasa. Daga nan yatsun suka kama, ya shigo daidai inda ya kamata, ya yi ta yi har ya wuce rabonsa, su kuma suka bar masa fili.

Ana gamawa Hajiya Ramatou ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Sinawan suka juyo a firgice, sannan suka fashe da dariya da tafi.

Bayan an tashi Wilma ta zo ta rungume Hajiya, ta tambayi ma'anar wannan kukan. Ma'azu ya ce haka matan ƙasarsu ke yi idan namiji ya yi abin a yaba. Wilma ta gwada, abin ya fito kamar kukan zabuwa, su biyun suka riƙe juna suna dariya. Orville ya kama hannun Ma'azu da hannu biyu. Ya ɗauka wani maƙwabcinsu ne na can gida, ya tambaye shi ko mahaifinsa ya gama gyaran shingen gonar. Ma'azu ya ce, "Ya gama, Baba. Yana gaishe ka." Tsohon ya ji daɗi, ya ce a gaya masa ya zo da gogensa ranar Lahadi.

Washegari makaɗan suka tashi zuwa wani gari, daga can suka koma ƙasarsu. Ma'azu bai sake jin labarinsu ba.

A hanyar komawa unguwarsu ta Xiaobei, da suka hau gada, Hajiya ta juyo wajen Ma'azu. Ta ce, "Ka ga yadda ta juya wa duniya baya saboda shi? Ni da Alhaji mun fi shekara talatin da aure, in na kira shi maganar kwantena ce kawai."

Ta ciro waya ta kira Maraɗi. Ma'azu na jin muryar Alhajin tana yankewa, yana tambayar ko an loda jakunkunan. Hajiya ta ce ba a loda ba, ba ma a saya ba tukuna, ta kira ne ta ji ko ya ci abincin rana. Alhajin ya tambaye ta ko lafiya take. Ta ce lafiya lau, ya dai faɗa mata abin da ya ci.